Batirin Babur: Abin da Ke Cin Kwanansa da Cajin da Ke Tsare Shi

Batirin babur ƙaramin akwati ne na roba mai ɗakuna shida a ciki. Kowane ɗaki yana ɗauke da farantan dalma iri biyu, jere kusa da kusa amma ba sa taɓa juna, sun nutse cikin ruwan batir, wato asid ɗin salfurik da aka sirka da ruwa, wajen kashi ɗaya cikin uku asid, saura ruwa. Ɗaki guda yana ba da wuta bolt 2.1, an kuma haɗa shidan a jere. Shi ya sa batirin da aka rubuta wa 12 a jiki yake nuna 12.6 zuwa 12.8 a mita idan ya cika ya huta. Fasahar tsohuwa ce. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro ta a 1859, sannan Camille Faure ya gyara tsarin farantan a 1881 ta hanyar shafa musu ƙullun dalma, kuma har yau irin wannan batir ne a bayan murfin gefe ko ƙarƙashin kujerar mafi yawan baburan da ke yawo a titunan Kano, Maraɗi da Garwa.

Abin da ya raba shi da na mota shi ne ƙanƙanta. Ana auna cikin batir da amfiya-awa. Na ƙaramar mota yakan ɗauki 45 zuwa 70, na babur mai inji 125 ko 150 kuwa 5 zuwa 7 ne kacal, wasu baburan da ba su da sitata ma 2.5 ko 3 suke ɗauka. Lambar jikin batir tana faɗin haka ga wanda ya iya karanta ta: 12N7 na nufin bolt 12, amfiya-awa 7. Saboda wannan ƙarancin ciki, ɗan sakacin da batirin mota zai shanye bai ji ba yakan kwantar da na babur cikin kwanaki kaɗan.

Duk lokacin da batir ya ba da wuta, salfa ɗin da ke cikin asid yana barin ruwa ya manne a jikin faranta, ya zama wani farin sinadari da ake kira salfet ɗin dalma, ruwan kuma ya tsinke. Caji yana mayar da abin baya: salfet ya narke ya koma ruwa, asid ya sake ƙarfi. Muddin ana mayar da caji da wuri, wannan kai da komo ba ya yin ɓarna sosai. Matsalar tana farawa ne idan batir ya zauna ba a cike ba. Salfet ɗin kamar ƙanzon tukunya yake: a wanke shi yau ya fita da ruwa kawai, a bar shi ya kwana biyu sai kankara, kuma ba lallai ya fita duka ba. Idan ya daskare, wurin da ya rufe a jikin faranti ya daina aiki ke nan. Batirin zai ci gaba da karɓar caji, har ma ya cika da sauri fiye da da, amma cikinsa ya ragu, mai amfiya-awa 7 ya koma kamar mai 3. Wannan daskarewar ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke kashe batirin babur kafin lokacinsa, kuma kusan duk maganar kula da batir a kanta take tafiya.

Babur yana caza batirinsa da kansa. A cikin inji akwai koyil da maganaɗisu ke zagayawa a kansa, yana samar da wuta mai kai da komo. Wata 'yar na'ura mai haƙarƙarin alminiyom, wadda makanikai ke kira raktifaya, tana miƙar da wutar ta kuma tsayar da ƙarfinta tsakanin bolt 13.5 da 14.5 kafin ta isa batir. Sai dai ƙarfin koyil ya danganta da gudun inji. A silo, ƙananan babura da yawa da kyar suke samar da abin da zai riƙe fitila da wutar birki, balle rarar da za ta shiga batir. Sai an ja totur inji ya kai juyi 3,000 zuwa sama caji na gaske yake farawa.

Tayar da inji shi kansa ba ya cin wuta kamar yadda ake zato. Idan aka ƙaddara sitata tana jan amfiya 50 na tsawon daƙiƙa 5, abin da ta ɗiba bai wuce amfiya-awa 0.07 ba, kashi ɗaya cikin ɗari na batir mai 7. Tafiyar 'yan mintuna ta isa ta mayar da shi. Inda lissafin ke ɓaci shi ne babur mai taurin tashi da sai an danna sau biyar ko shida, ga gajeriyar tafiya daga gida zuwa masallaci ko bakin kasuwa, ga tsayuwa a cunkoso da ƙafa kan birki, ga oda ba ƙaƙƙautawa. Kullum ana ɗiba fiye da yadda ake mayarwa, batir ya zauna wata da watanni a kashi 70 ko 80 cikin ɗari. Mai babur ba zai ga alama ba, domin inji na tashi, alhali salfet yana ta daskarewa a ciki. Haka nan al'adar tayar da babur da aka ajiye a bar shi yana silo na minti biyar "don batir ya samu caji" ba ta da amfani. Sau da yawa abin da sitata ta ɗiba ma ba ya dawowa.

Nawa ne tsawon kwanan batir? Ya danganta da irinsa. Akwai mai murafu shida da ake zuba wa ruwa, shi ne mafi araha, kuma a ƙasashe masu matsakaicin yanayi ana ƙiyasta masa shekara 2 zuwa 3. Akwai rufaffe, wanda a kasuwa ake ce wa busasshe ko da yake ba busasshe ba ne, asid ɗinsa yana jiƙe ne cikin wata auduga ta zaren gilashi tsakanin faranta. Wannan ya fi jure girgiza, ba ya zubewa, kuma yakan kai shekara 3 zuwa 5. Akwai kuma wanda aka daskarar da ruwansa ya zama kamar kamu. Waɗannan alƙaluma duka an gina su ne kan zafin digiri 20 zuwa 25, abin da ya sa ba sa cika a ƙasar Hausa.

Ƙa'idar da masu ƙera batir ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanan batirin dalma biyu. Zafi yana hanzarta tsatsar ragar dalmar da ke riƙe da faranta, yana ƙafar da ruwa, yana kuma sa batir ya zubar da cajinsa da kansa. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, daga Maris zuwa Mayu zafin inuwa yakan haura digiri 40, ga batir manne da inji mai huci, ga babur a tsaye cikin rana tun hantsi har la'asar a ƙofar ofis ko kasuwa. A irin wannan hali batirin da ya yi shekara biyu yana aiki ya yi ƙoƙari, kuma ba daidai ba ne a riƙa ɗora wa mai shago laifin kowane batir da ya gaza cika shekara uku, ko da yake jabu da marasa nauyin dalma suna nan a kasuwa. Ajiye babur a inuwa yana daga cikin kulawa mafi araha, kuma mafi tasiri.

Abin mamaki shi ne ba a bazara aka fi jin kukan batir ba, sai da safiyar hunturu. Sanyi yana rage kuzarin sinadaran da ke ciki, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Batirin da zafi ya riga ya cinye rabinsa yana iya tayar da inji mai ɗumi a watan Afrilu, amma ya gaza a Janairu a Jos ko Agadas. Sai a ce sanyi ya kashe shi, alhali ɓarnar tun bazarar da ta wuce aka yi ta.

Girgiza ita ma tana da nata rabo. Hanya mai gargada tana kakkaɓe ƙullun dalma daga faranta ya taru a gindin ɗaki, idan ya yi yawa ya haɗa faranta biyu, ɗakin ya mutu. Batirin da ke da mataccen ɗaki guda yakan tsaya a wajen bolt 10.5 komai daɗewarsa a caji. Robar da ke ɗaure batir a mazauninsa, wadda ake yawan yarwa idan ta tsinke a maye gurbinta da tsumma ko kwali, don rage girgiza aka yi ta. A nan ne batirin ɗan acaba ya bambanta da na ma'aikacin ofis. Na ɗan acaba ba ya rasa caji, domin injinsa na gudu yini guda. Zafi da girgiza da kayan ƙari ne ke cin sa. Na ma'aikaci ko malamin makaranta kuwa, wanda ke tafiyar minti goma safe da yamma, yunwar caji ce ajalinsa.

Batir ko ba a haɗa shi da komai ba yana zubar da caji. Rufaffe yakan rasa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata a yanayi mai sanyi-sanyi, mai murafu ya fi haka nesa, kuma zafi yana ninka asarar. A kan wannan sai a ƙara kayan da ke shan wuta ko an zare makulli: ƙararrawar tsaro, na'urar bin sawun babur idan an sace shi, wurin cajin waya, rediyo, fitilun ado da aka haɗa kai tsaye da batir. Na'urar da ke jan miliamfiya 10 kawai, abin da bai isa ya kunna ƙwan fitila ba, tana cin amfiya-awa 0.24 a kwana. Cikin mako biyu ta cinye rabin batir mai 7, cikin wata guda ta ƙarar da shi. Maniyyacin da ya tafi aikin Hajji, ɗalibin da ya koma makaranta, ɗan ci-ranin da ya jingine babur a zaure ya tafi kudu, da wanda ya rage hawa tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a Najeriya a 2023, duk sukan dawo su tarar da batir ya kwanta. A kai shi caji ya farfaɗo, amma ba ya komawa yadda yake, domin batirin tayar da inji ba a gina shi don ya riƙa ƙarewa ƙaf ba. Kowace irin wannan faɗuwa tana tafiya da wani yanki na cikinsa.

Hanyar sanin halin batir ita ce mita, ba ƙarar oda ko ƙyasta waya a ga tartsatsi ba. Ƙaramar mitar lantarki ba ta kai kuɗin batir guda ba. Ana aunawa bayan babur ya huta awanni, mafi kyau da safe kafin a tayar. Idan ta nuna 12.6 zuwa sama, batir a cike yake. A 12.4 ya sauka zuwa wajen kashi 75, kuma daga nan ne ya kamata a nemi caji. A 12.2 rabi ya rage, a 12.0 kuwa kwata. Tazarar da ke tsakanin cikakke da wanda ya kusa ƙarewa ba ta kai bolt guda ba, shi ya sa wanda ya ga 12 a mita ya ce lafiya lau ya yi kuskure. Awo na biyu shi ne a bar mita a jiki a danna sitata: lafiyayyen batir ba ya faɗuwa ƙasa da 9.6. Na uku, a tayar da inji a ja totur. Idan mita ba ta haura 13 ba, babur ba ya caji, laifin na koyil ne ko raktifaya ko wata waya da ta saki. Idan ta wuce 15, raktifaya ta lalace tana dafa batir, kuma alamunta su ne ƙwan fitila da ke yawan ƙonewa, ruwa da ke saurin ƙafewa, da batir da ya kumbura. Wanda ya sayi sabon batir bai yi wannan awo na uku ba, sau da yawa sabon ma bin sawun tsohon yake yi.

Cajin da ya dace da batirin babur ƙarami ne kuma a hankali. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin goma na cikinsa: mai amfiya-awa 7 a ba shi amfiya 0.7, na tsawon awa 5 zuwa 10 gwargwadon yadda ya sauka, kuma kamfanoni da yawa suna buga wannan a saman batirin. A nan ne cajin bakin hanya yake yin ɓarna. Injin cajin da aka yi don batirin mota ko na tirela yana tura amfiya 10 ko 20. Idan aka maƙala masa batirin babur, cikin rabin awa zai yi zafi, ruwansa ya tafasa, mita ta nuna ya cika, mai shi ya biya ya tafi da murna. Abin da ya samu cajin sama-sama ne, ga faranta sun sha wuya. Rufaffen batir ya fi cutuwa, domin ruwan da ya fita ta bawul ɗinsa ba shi da hanyar dawowa. Haka ramin bolt 12 da ke jikin ƙananan janareto: galibi an rubuta masa amfiya 8.3, kuma ba shi da abin da ke tsayar da shi idan batir ya cika. Wannan ya ninka abin da batirin babur ke buƙata fiye da sau goma. Duk batirin da ya yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kansa ba yayin caji, a cire shi.

Don batirin da zai zauna aka ƙera cajar tsaro. Tana aiki mataki-mataki: ta fara tura wuta daidai gwargwado har batir ya kai wajen bolt 14.4, ta riƙe shi a nan yayin da abin da yake sha ke raguwa, sannan ta sauka zuwa 13.2 ko 13.6 ta tsaya, tana mayar masa da ɗan abin da yake zubarwa kawai. Irin wannan ana iya barin ta a jiki wata da watanni. Ya kamata a bambanta ta da tsohuwar caja mai ɗigo, wadda ke tura 'yar wuta ba tsayawa ko batir ya cika. Ita wannan idan aka manta da ita mako biyu, ƙafar da batir take yi. A wurin saye, abin dubawa shi ne ko cajar tana sauka da kanta, kuma kada ƙarfinta ya wuce amfiya 1 ko 2. Masu kyau suna da ma'aunin zafi, suna rage bolt idan gari ya ɗau zafi, abin da ke da amfani ƙwarai a Sahel, domin cajin da ya dace a digiri 25 ya yi yawa a digiri 40.

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa an fi amfani da cajar tsaro ne lokacin sanyi, sa'ad da ake kulle babura a gareji wata huɗu ko biyar, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Inda wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, ba dole ba ne caja ta kwana a jiki kullum. Ya isa a cika batir, a kwance wayar da ke kan alamar ragi don a yanke masu shan wuta a ɓoye, a ajiye shi a ɗaki mai sanyi, sannan a sake caza shi duk mako uku ko huɗu, ko duk lokacin da mita ta nuna 12.4. Ƙaramin faifan sola mai wat 5 zuwa 10 shi ma yana yin aikin, da sharaɗin a sa masa na'urar daidaita caji a tsakani, domin faifan da aka rubuta wa bolt 12 yana iya haura 20 a tsakar rana idan babu abin da ke riƙe shi. Wanda ba shi da ko ɗaya, tafiyar rabin awa zuwa awa guda a buɗaɗɗen titi sau ɗaya a mako ta fi tayarwa a tsakar gida kullum.

Batir mai murafu yana buƙatar a duba ruwansa, a bazara ko da sau biyu a wata. Akwai layi biyu a jikinsa, ruwa ya tsaya tsakaninsu. Abin da ke ƙafewa ruwa ne, asid yana nan, saboda haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa. Ƙara asid yana sa ruwan ya yi kaifi ya ci faranta. Ruwan rijiya, na burtsatse da na leda duk suna ɗauke da gishiri da ma'adanai masu gurɓata batir. Zubar da tsohon ruwa a ɗura sabon asid, wanda wasu masu caji ke yi da sunan wanke batir, yakan ba shi ƙarfin 'yan kwanaki ne kawai, tunda salfet ɗin da ya daskare yana nan inda yake. Farin gari ko kore da ke taruwa a kawunan batir yana hana wuta wucewa, har a zaci batir ya mutu. Ana goge shi da ruwan kanwa da tsohon buroshi, a kula kada ruwan ya shiga ciki, a ɗaure noti sosai, a shafa basilin ko giris.

Ranar farko ma tana da tasiri a kan sauran kwanakin. Batirin da ake sayarwa da kwalbar asid a gefe, bayan an ɗura masa, yana son ya huta aƙalla rabin awa zuwa awa guda faranta su sha, sannan a yi masa cikakken caji a hankali kafin a ɗora shi. Ɗurawa kaɗai tana kai shi wajen kashi 75 zuwa 80 ne. A shago kuwa abin da aka saba shi ne a ɗura, a ɗaura, a danna sitata nan take, mai babur na sauri. Wanda aka riga aka ɗura tun daga masana'anta, a auna shi kafin a biya. Idan ya nuna ƙasa da 12.4, ya daɗe a kanta.

Caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke kama wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri, don haka ba a yin sa a rufaffen ɗaki ko kusa da murhu da taba. Wurin kwancewa ana fara cire wayar ragi, wurin ɗaurawa kuma ita ce ta ƙarshe, don kada sifana ta taɓa jikin babur ta yi tartsatsi. Idan za a ja wuta daga mota, injin motar ya kasance a kashe. Asid idan ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, na ido kuma a garzaya asibiti.

Batirin litiyom ya fara shigowa, irin mai ɗakuna huɗu da ke nuna bolt 13.2 zuwa 13.4 idan ya cika. Nauyinsa wajen sulusin na dalma ne, ba ya yin salfet, kuma yana daɗewa a ajiye bai zubar da caji ba. Amma yana da tsada, ƙarewa ƙaf tana iya kashe shi gaba ɗaya, ba ya jure raktifaya mai wuce 14.6, kuma ba a sa masa cajar dalma mai tura bolt mai yawa don fasa salfet. Ga ƙaramin babur na aikin yau da kullum, rufaffen batirin dalma mai inganci da ake kula da cajinsa ya fi dacewa da aljihu.

Batirin da aka cika a hankali, ya kwana ba a haɗe da komai ba, da safe ya nuna ƙasa da 12.4, ko ya faɗi ƙasa da 9.6 da an danna sitata, ya gama aiki, kuma babu caja ko sabon ruwa da zai dawo da shi. Tsofaffin babura masu kik da yawa suna tashi ko babu batir, abin da ke sa wasu su ci gaba da hawa da matacce, sai dai oda da sigina da wutar birki duk sun raunana, raktifaya kuma tana ɗaukar nauyin da ba nata ba. Sababbi masu feshin mai da kwamfuta da yawa ba sa tashi sai da lafiyayyen batir. Mataccen kuma ba shara ba ne. Dalmarsa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, ba a fasa shi a gida ko a zubar da ruwansa a kwata, ba a kuma narka shi a tsakar unguwa. Kusan duk dalmar da ke ciki ana iya sake sarrafa ta, shi ya sa masu sayar da batir da 'yan gwangwan suke karɓar tsoho a kan kuɗi, kuma a miƙa musu shi a rufe, da ruwansa a ciki.